Yadda na kashe ƙarar fito a sabuwar amfilifayar jita mai bawul

Alhamdulillah, yau dai na huta, Allah ya saka wa wani dattijo mai gyaran rediyo a Tudun Wada da alheri.

Sati biyu kenan da na sayo amfilifaya irin ta da, mai bawul, wato ƴan kwalaben gilas masu ƙara ƙarfin sauti, don in gwada sautinta da tsohuwata mai tiransisto. Matsalar, da na kai bolum 4 sai ta fara wani siririn fito, ko ban taɓa jitar ba. Na canza wayar jita, na canza soket, na bar janareta na jira wuta ta dawo, duk a banza.

Baba ya ce ɗana, ɗauko fensir ka ƙwanƙwasa ƙananan bawul ɗin a hankali tana kunne. Na farko, wanda ke kusa da ramin da ake cusa wayar jita, ina taɓa shi sai ƙwal ƙwal a sifika kamar makirfo, sauran shiru, alamar shi ne ke jawo fiton.

Na kashe, na zare filogi, na jira minti 15 suka huce. Duka iri ɗaya ne, samfurin 12AX7, sai na musanya na farkon da na ukun, na daidaita ƙafafu 9 na kowane bawul da giɓin mazauninsa, ban tilasta ba. Cikin amfilifayar kam ban buɗe ba, don kafasito, ma'ajiyar wutar da ke ciki, na riƙe wuta ko an kashe.

Na kunna, minti 1 a standby, wato yanayin jira don bawul su yi zafi, bolum 4, tirebul 6, bas 4. Fito ya ɗauke. Sautin kuwa akwai kauri da taushi, in ka daki igiya da ƙarfi ya ɗan dushe mai daɗi, tsohuwar tawa a nan sai ta tsage.