Yadda za ka gano gidan karfasa a cikin dabbobi

Abu na farko ka samo kifin da kansa, ɗanye ba soyayye ba, ka ɗora a faranti, don wannan aikin da ido ake yinsa ba da hadda kawai ba. Sai ka faro daga sama kana gangarowa. Dabba ce, to masarautarta Animalia kenan. Tana da ƙashin baya, ta shiga Chordata, nan muke tare da ita mu da akuya da kaza.

Yanzu ka buɗe fiffiken bayanta, za ka ga tsinkaye tsinkaye da siririyar fata a tsakani kamar mafici, wannan shi ya kai ta ajin Actinopterygii, ita da tarwaɗa da giwan ruwa. Gaiwa ba ta ciki fa, ajinta daban, kuma a lissafin masana ta fi kusa da mu a kan karfasa, abin dariya amma haka yake.

Inda ɗalibai ke faɗuwa a jarrabawa shi ne oda, wato matakin da ke tsakanin aji da dangi, tsofaffin littattafai sun rubuta Perciformes, sababbi kuma Cichliformes, to ka duba wanne malaminka yake bi kafin ka yi masa gardama.

Dangin su ne Cichlidae, kuma nan ne daɗin abin. Kalli hancin da kyau, ƙofa ɗaya ce tak a kowane gefe, alhali yawancin kifaye bibbiyu gare su. Sannan ka bi layin nan da ya ratsa gefen jikin da yatsa, za ka ga ya katse wajen baya ya sake farawa ƙasa kaɗan. In ka ga waɗannan biyun ka kama hanya. Dangi ne babba, sama da nau'i 1,600 aka sa wa suna, ɗaruruwa a tafkin Malawi kaɗai, wasu kuma a can Kudancin Amurka irin waɗanda ake sawa a akwatin gilas don ado.

Saura jinsi, wato matakin da ke ƙasa da dangi, shi kam sai ka san yadda suke renon ƙwai. Wata masaniya 'yar Ingila, Ethelwynn Trewavas, ita ta fayyace wannan a 1983: in uwa ce ke ɗauke ƙwai a baki Oreochromis ne, in uba ne ko su biyun Sarotherodon, masu zubawa a ƙasa su tsaya gadi kuma aka bar musu sunan Tilapia, kodayake daga baya an kwashe wasu an kai Coptodon. Mai kifi a kasuwa duk karfasa zai ce maka.

Wadda aka fi kiwo a kududdufi ita ce Oreochromis niloticus, ka duba wutsiya za ka ga ratsi ratsi a tsaye. In za ka rubuta, kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, ka ja layi a ƙarƙashin kowacce.