Yadda ake farautar kifin zaki har a kai shi tukunya

Kifin zaki, wanda Turawa ke kira lionfish, baƙo ne a tekun Atlantika. Asalinsa tekun Indiya da Fasifik. An fara ganinsa a gaɓar jihar Florida ta Amurka a 1985, yau ya cika tekun Karibiyan yana lamushe 'ya'yan kifaye a tsakanin duwatsun murjani. Kusan ba wata dabbar ruwa da ke cinsa a can, ga mace ɗaya tana zuba ƙwai wajen miliyan 2 a shekara. Shi ya sa NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, ta ce jama'a su ci, Florida kuma ba ta yi wa kamunsa iyaka ba.

Bar ƙugiya a gida, nutso ake yi a same shi ƙarƙashin ruwa. Gajeren mashi mai baki uku da roba a gindi, shi ne kayan aiki. Kifin ba ya gudu, ya yarda da ƙayarsa. Matso har bakin mashin ya kusa taɓa shi, ka saki a bayan ido. In ka kuskure, ya koyi ɓuya, gobe ba ka ganinsa. Daga mashi sai cikin bututun ajiya, ban da jakar raga. Na kanti da tsada, ni faif ɗin roba da mazurari na haɗa.

Inda sababbi ke kwana ciki a kan tudu ne. Ƙayoyin dafi 18 gare shi: 13 a gadon baya, uku a ƙasa wajen wutsiya, biyu a ƙananan fukafukan ciki. Manyan fukafukan gefe masu kama da mafici ba su da dafi, amma su kowa ke fara yankewa don su ke ba da tsoro. Haka na yi. Na datse na baya, na juya kifin da hannu tsirara, ƙayar ciki ta shige babban yatsana. Kifin ya daɗe da mutuwa fa! Wanda ƙayar ƙurungu ta taɓa soka bai ga komai ba. Sa safar hannu mai kauri, riƙe shi ta baki, bi da almakashi kana ƙirgawa har 18, ƙayoyin kuma cikin gwangwani.

Tafi da fulas ɗin ruwan zafi. In ya soke ka, tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta jure, wajen digiri 45, aƙalla minti 30. Ban da ƙanƙara. Numfashi ya fara wuya, asibiti.

Naman fari ne, babu dafi a cikinsa. Gishiri, lemun tsami, yaji, cikin mai. Sai dai ka tambayi masuntan wurin ko sigwatera, gubar da ke taruwa a naman wasu kifayen teku, na damun kifin yankinsu. Ragowar kai wa masu gidan abinci, suna saye.