Darasi na 9: Yadda ƙwayar cutar yaushi take iyo har ta shiga tumatir

To jama'a, yau darasinmu a kan wata ƙwayar cuta ce, bakteriya, masana suna ce mata Ralstonia solanacearum, kar sunan ya tsorata ku ba sai kun haddace ba. Ita ce take sa ka ga tumatir ko dankalin turawa ko barkono ganyensa kore shar amma ya yi yaushi ya langaɓe, ka yi ta ba shi ruwa a banza. Tana kama shuka sama da iri 200.

A ƙasa take zama da cikin ruwa, ido ba ya ganinta. To ya ake ta kai ga saiwa? Iyo take yi. Tana da wata siririyar wutsiya da take juyawa, kuma ƙwayoyin gado ne a jikinta suke ba da umarnin ƙera wutsiyar, ɗaya sunanta fliC. Akwai wasu kuma irin su cheA da cheW, su aikinsu gane inda abinci yake, don saiwa tana fitar da wasu sinadarai cikin ƙasa, sai ƙwayar ta bi su har ta samu ɗan rauni ko tsaga ta kutsa. A 2002 masana a Faransa suka karanta ƙwayoyin gadonta gaba ɗaya, sun haura 5000.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Masu bincike sun lalata fliC, ƙwayar ta zama ba wutsiya ba iyo, da suka zuba ta a ƙasa kusa da tumatir sai cutar ta yi rauni sosai, amma da suka yanki shukar suka sa ta kai tsaye a ciki, wallahi kisa ta yi kamar ba abin da ya same ta. Kenan wutsiyar ta shiga ce kawai. Duk wanda ya yanki shuka mai ciwo da wuƙa ya je ya yanki mai lafiya bai wanke ba, shi ya ɗauke mata wahalar iyon.

In ta shiga jijiyoyin da ke kai ruwa sama sai wasu ƙwayoyin gadon su karɓi aiki. Waɗanda ake kira hrp suna ƙera wani abu kamar allura, da shi take tsira wa shukar sinadaran da ke kashe mata garkuwa. In ƙwayoyin cutar sun yi yawa kuma sai wata ƙwayar gado mai suna phcA ta sa su rage iyo su koma fitar da yauƙi, yauƙin ne yake toshe hanyar ruwa, shi ya sa ban ruwa ba ya magani.

Aikin gida: ka samu shukar da ta yi yaushi, ka yanke karan daga can ƙasa, ka rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kar ka motsa. Cikin 'yan mintuna in ka ga wani farin zare-zare yana gangarowa to ita ce. Ka tuge shukar da saiwarta ka fitar daga gona, kar ka bari ruwan wurin ya gangara sauran kunyoyi, ka wanke wuƙar da ruwan bilic, sannan ka rubuta abin da ka gani a jimla uku ka zo da shi aji.