Yanda za ku koya wa yaro ya daina cewa "ni ban iya ba"

Duk mai zama da ƙaramin yaro ya san wannan yanayin, yana ta fama da igiyar takalmi ko rubuta wani harafi, sau biyu abun ya ƙi, sai kawai ya yi jifa da fensir ya ce "ni ban iya ba, ni daƙiƙi ne". Wallahi kalmar nan tana sosa min rai, ɗan shekara 5 a ina ya samo "daƙiƙi"? A bakin manya ya ji ta, kuma in ba a yi da gaske ba ita ce muryar da zai riƙa ji a ransa har ya girma.

Wani masanin halayyar ɗan adam ɗan ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya yi bayanin cewa surutun da yara ke yi su kaɗai in suna wasa ba shirme ba ne, da shi suke yi wa kansu jagora, kuma wajen shekara 7 surutun yake komawa ciki ya zama tunani. To kun ga tun yana fitowa fili kunnenmu na iya kama shi, lokacin gyara ke nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka in kun ji yaro yana magana shi kaɗai kar ku ce ya yi muku shiru, ku kasa kunne ku ji me yake gaya wa kansa in abu ya cije.

In ya ce "ban iya ba", kar ku yi saurin cewa "haba ka iya mana", ai ya san bai iya ba, yanzu-yanzu ya gwada. Kalma ɗaya za ku ƙara masa, tukuna. "Ba ka iya ba tukuna." Ku sa ya maimaita da bakinsa, sannan ku tuna masa wani abu da da can bai iya ba yanzu kuma ko tunani ba ya yi, kamar ɓalle maɓallin riga ko hawa keke. Wannan tunin shi ne hujjarsa, shi ke sa maganar ta zauna.

Sai batun yabo, nan ne yawancinmu muke tuntuɓe da kyakkyawar niyya. Carol Dweck, farfesa a Jami'ar Stanford ta Amurka wadda ta yi suna kan wannan fanni, ita da Claudia Mueller sun fitar da wani bincike a 1998, an ba yara 'yan aji 5 gwaji, wasu aka yabe su da cewa suna da ƙwaƙwalwa wasu kuma aka ce sun yi ƙoƙari. Waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa sai suka fi zaɓar aiki mai sauƙi, da abu ya yi wuya suka fi saurin karaya, wasu har da ƙara maki in suna ba da labarin sakamakonsu. Dalilin a fili yake, yaron da aka ce masa "kai gwani ne" yana tsoron ranar da zai faɗi a ƙwace masa sunan. Maimakon haka ku faɗi abun da idonku ya gani, "na ga ka goge ka sake har sau uku", "da waccan hanyar ta ƙi sai ka juya ta ɗaya gefen". Irin wannan ne zai iya ɗauka ya gaya wa kansa gobe in ba ku kusa.

Amma fa "ƙara ƙoƙari" kaɗai ba ta isa ba, Dweck ɗin ma ta yi wannan gargaɗi. Yaron da ke ta maimaita hanyar da ba ta ɓullewa dabara yake buƙata. Ku koya masa tambayoyi biyu, "wace hanya ce ban gwada ba?" da "wa zan tambaya?"

Ku ma ku riƙa yin naku a bayyane. Ruwa ya zube muku ko kun ɓatar da makulli, in abun da ya fito bakinku shi ne "kai ni dai ba ni da amfani" to darasin ranar ke nan ya ɗauka. Ku ce "kash na yi kuskure, bari in goge in sake" yanda zai ji. Ni a ganina wannan ya fi duk wata lacca da za ku zaunar da shi ku yi masa.

Akwai kuma wata dabara mai daɗi. A wani bincike da Rachel White da abokan aikinta suka wallafa a 2017, yara 'yan shekara 4 da 6 da aka sa su yi wani aiki mai gundura a kwamfuta sun fi daɗewa a kansa in suna ɗaukar kansu a matsayin wani jarumi irin Batman. Ku gwada, ku tambaye shi "in jarumin nan da kake so ne, me zai ce wa kansa yanzu?" ko ku sa ya kira sunan kansa, "wane, yi a hankali, saura kaɗan".

Sai dai kar ku kawo duk wannan yana tsakiyar kuka, ba zai ji ba. Ku rungume shi ku ce "na ga abun ya ɓata maka rai", ya sha ruwa ya huce, in ya so sai a koma kan takalmin tare, ku riƙe igiya ɗaya shi ya riƙe ɗaya.