Yadda Ake Ɗaura Madubin Hange a Kan Bindigar Farauta

Da farko cire harsashi, ka leƙa da idonka ka tabbatar babu saura.

Zobban da za su riƙe madubin su dace da kaurinsa, inci 1 ko milimita 30. Ɗora rabinsu na ƙasa a kan bindigar, tura gaba wajen bakinta, sannan ka ɗaure.

Kwantar da madubin, rufe da rabin sama sako-sako. A nan gaggawa ke ɓata aiki. Saɓa bindigar a kafaɗa, ka riƙa jan madubin gaba da baya har hoton ya cika babu baƙin gefe, kusan santimita 8 zuwa 10 daga ido, don kada ya fasa maka gira. Rataya zare da ka ɗaura wa abu mai nauyi a ƙasa, ka daidaita layin tsaye da ke cikin madubin da shi.

Ɗaure sukurorin zobban kaɗan-kaɗan, a gicciye. Matsi da yawa yana lotsa bututun madubin.