Kafin ka zargi kwamfutarka, duba lambar IP

Salamu alaikum 'yan uwa. Mai son ɗora shafinsa na intanet a kan kwamfutar gida, ga abin da ya cinye min mako guda.

Na saita komai a tsohuwar laftof, shafi yana buɗewa lafiya lau a ɗakina a Unguwar Rimi, amma ƙanena da ke Kawo ya gwada, shiru kake ji. Na buɗe ƙofa ta 80 da ta 443, wato hanyoyin da masu ziyarar shafi ke shigowa, a rawuta (na'urar da ke raba intanet a gida), a banza. Ashe layin waya ba ya ba ka lambar IP (adireshin na'ura a intanet) taka kai kaɗai, ku da yawa ne kuke raba guda. Wannan tsarin ake kira CGNAT, shi ke hana na waje isowa kwamfutarka. Leƙa saitin rawutarka: in farkon lambar WAN, wato IP ɗin da layin ya ba rawutar, ya faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, kana cikin CGNAT, kar ka wahalar da kanka da buɗe ƙofa.

Abin da ya fisshe ni Cloudflare Tunnel ne, tsarin kamfanin Cloudflare mai haɗa kwamfutarka da masu ziyarar shafinka, kuma kyauta. Ka mayar da sunan shafinka wurinsu, ka sa manhajarsu mai suna cloudflared a kwamfutar. Ita za ta riƙa kiran waje, ba sai ka buɗe wata ƙofa ba.

Laftof ta fi, don batirinta na riƙewa in an ɗauke wuta. Rawutar ma ka haɗa mata fawa banki, sannan ka hana kwamfutar barci in an rufe murfinta.