Yadda nas za ta nemi karatun NP mai fanni biyu a Amurka, da abin da za ta tarar a zangon farko

Da na zo gida hutun Babbar Sallah, ƙanwar ƙawata da ke aikin jinya a nan Gusau ta biyo ni har Tudun Wada da littafi da biro. Ta ce, "Anti, don Allah ki faɗa mini daga farko, kada ki tsallake komai." Abin da na faɗa mata a kan tabarma ranar shi ne zan rubuta nan, domin na san ba ita kaɗai ke son ji ba.

NP, a tsarin Amurka, nas ce da ta yi digiri na biyu ko na dakta a aikin jinya, aka ba ta izinin duba mara lafiya, ta tura shi gwaji, ta faɗi ciwonsa, ta rubuta masa magani. A Jami'ar Colorado aka fara wannan karatu a 1965, Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka kafa shi saboda ƙarancin masu duba yara a karkara. Kowace NP tana da fanninta: lafiyar iyali, yara, jarirai, mata, manya da tsofaffi, ko lafiyar ƙwaƙwalwa. Mai fanni biyu kuwa tana ɗaukar biyu a shiga ɗaya. Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville, alal misali, tana haɗa ungozomanci da lafiyar iyali.

Ni lafiyar iyali da lafiyar ƙwaƙwalwa na haɗa, kuma a Gusau na samo dalilin. Shekarun da na yi a sashen masu zuwa su koma, matan da aka koro daga ƙauyukan Zurmi da Maradun su ne suka fi cika mana benci. Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa. Sau huɗu tana zuwa da ciwon kai, a gwada jininta a ga ya hau, a ba ta magani ta tafi. A zuwa na biyar, ina naɗe mata abin awo a hannu, na ce, "Inna, kina samun barci kuwa?" Sai ta dube ni ta ce tun daren da aka shiga garinsu ba ta yi barcin kirki ba, da ta ji ƙarar babur sai gabanta ya faɗi. Hawan jinin gaskiya ne, amma rabin ciwon ne kawai, kuma ni a lokacin ban da ilimin taɓa ɗaya rabin.

Don haka kafin ki buɗe shafin kowace makaranta, ki zauna ki tuna marasa lafiyar da suka fi tsaya miki a rai. Idan mutum ɗaya ne yake buƙatar fannonin nan biyu a lokaci guda, to haɗin ya yi. Idan kuwa don takarda ta yi kauri ne, ki ɗauki ɗaya. Ana iya ƙara na biyu daga baya da gajeren karatun satifiket, kuma mutane da yawa haka suke yi.

Sai jerin matakai, kuma a nan ake asarar kuɗi idan aka sa na baya a gaba.

Digiri ne farko. Shaidar RN da RM, wato ta nas da ta ungozoma, ta makarantar jinya ba ta isa ba a yawancin makarantun, suna neman digirin farko na jinya. Idan ba ki da shi, ki fara da BNSc a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko ABU Zariya, ko Bayero, ko Jami'ar Karatu Daga Gida. Ki kula da darasin ƙididdiga, domin kusan kowa yana tambayarsa. Makin da aka saba nema shi ne 3.0 cikin 4.

Na biyu lasisin jinya na wata jiha ta Amurka. Hukumar jinya ta jihar za ta sa a tantance takardunki, galibi ta hannun hukumar tantance takardun nas na waje da aka sani da CGFNS (yanzu sunanta TruMerit), sannan ki rubuta NCLEX, jarrabawar samun lasisin. Kuɗin jarrabawar dala 200 ne, da ƙarin 150 ga mai rubutawa a wajen Amurka. Ni a Johannesburg na rubuta tawa. Abin da ya kusa karya ni ba jarrabawar ba ce, takardar sakamako ce. Ba a karɓarta daga hannunki, dole makaranta ta aika da kanta, haka ma Hukumar Jinya da Ungozomanci ta Najeriya a Abuja za ta tabbatar da lasisinki kai tsaye. Fayil ɗina ya kwana a wani ofis wata bakwai, har yayana ya gaji da zarya. Wani abin kuma, a wata takarda an ninka wani harafi a sunan mahaifina, a wata kuma ba a ninka ba. Ki jera takardunki duka a kan gado yau ɗin nan, ki duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya, ki yi rantsuwar kotu idan sun saɓa.

Na uku, tambayoyi biyu da za ki aika wa makaranta kafin ki biya ko sisi. Ta farko: kuna ba ɗalibin waje takardar I-20, wadda ake neman bizar ɗalibi da ita, a wannan shirin? Yawancin karatun NP ta intanet ake yinsa, kuma mai bizar ɗalibi darasi ɗaya kacal na intanet ake lissafa masa a zango. Shi ya sa da yawanmu sai da muka shiga da aikin jinya, muka yi shekara ɗaya ko biyu a asibiti, sannan muka nema. Dokokin biza ma suna yawan canzawa, ki karanta na ranar a shafin ofishin jakadancinsu. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci a wurina: wa ke nemo wa ɗalibi mai horarwa a asibiti, ku ko ni? Ƙa'idar da aka fitar a 2022 ta ɗaga mafi ƙarancin awannin duba marasa lafiya daga 500 zuwa 750, kuma mai fanni biyu sai ta cika na kowane fanni. Na ga wadda ta gama duk darussan aji amma ta zauna zango guda don ba ta sami mai horarwa a fannin ƙwaƙwalwa ba. Ki kuma tabbata wata hukumar tantance karatun jinya, kamar CCNE ko ACEN, ta amince da shirin, in ba haka ba ba za a bari ki rubuta jarrabawar ƙwarewa ba.

Takardar neman ita kanta ba wuya. Makarantu da yawa suna karɓa ta NursingCAS, shafin neman shiga makarantun jinya, da wasiƙun shaida uku, da sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS idan sun nema, da rubutun dalilinki. A rubutun nan kada ki ce kina son taimakon al'umma, kowa haka yake cewa. Ni labarin Inna na rubuta, ba suna ba gari, kuma a hirar Zoom shi suka fi tsayawa a kai. Masu ba ki shaida kuma su zama waɗanda suka ga hannunki a aiki, matiron ɗinki da malaminki sun fi wani babba da bai san fuskarki ba.

Idan an ɗauke ki, watanni biyu kafin a fara na takardun lafiya ne: shaidar rigakafi, gwajin hanta, katin BLS na horon ceton rai na gaggawa, binciken laifi, gwajin ƙwaya. Allurar BCG da aka yi mana muna jarirai tana iya sa gwajin tarin fuka na fata ya nuna kamar akwai, don haka ki nemi na jini tun farko.

Karatu yana buɗewa da darussa uku da kowace NP take yi: yadda cuta ke aiki a jiki, ilimin magunguna, da duba jiki tun daga kai har ƙafa. Na magunguna ya fi ba ni wuya, domin a gida na saba da ba da abin da likita ya rubuta, yanzu ni ake tambaya me ya sa wannan ba wancan ba. Na rage aikina zuwa dare biyu a mako, na mayar da bayan Asuba lokacin karatu. A ƙarshe jarrabawar ƙwarewa biyu ke jirana, kowace da kuɗinta, kowace kuma ana sabunta ta duk shekara biyar.

Yarinyar ta tambaye ni ko za ta iya dawowa gida ta rubuta magani da wannan takarda. Na gaya mata gaskiya, lasisin na jihar da ta ba da shi ne, ba ya biyo mutum Najeriya. Ilimin ne ke biyo ki, kuma da shi ake koyarwa a kwalejin jinya. Idan fannin ƙwaƙwalwar ne ya ja ta kuma tafiya ba ta samu ba, akwai karatun ƙwarewa a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato. Ta rubuta wannan ma. Da za ta tafi ta ce ranar Litinin za ta je ta ciro takardunta daga akwatin mahaifiyarta ta duba sunayen.